Tarihin wa zan bibiya in ina son koyon tsara kamfe?

Ɗan Auta: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na gama karatun aikin jarida, kuma raina ya kwanta da harkar tsara wa 'yan takara kamfe da tallace-tallace. Don Allah a fahimce ni, ba sojan baka nake son zama ba. Tarihin wa ya kamata in bibiya?

Tsohon Ɗan Jarida: Wa'alaikumus salam. Tunda jarida ka karanta, nemi tarihin David Axelrod na Amurka, don shi ma ta ƙofar nan ya shigo. Wakilin jaridar Chicago Tribune ne mai ɗauko labaran siyasar birnin Shikago. A 1984 ya ajiye alƙalami ya bi Paul Simon neman kujerar sanata, suka kuma ci. Shekara ta zagayo ya buɗe kamfaninsa, a 1987 kuma ya yi wa Harold Washington aiki lokacin da ya nemi zarcewa, wato baƙar fata na farko da ya zama magajin garin Shikago. Abin lura, yaro, shi ne kafin ya fara sayar da shawara ya yi shekaru yana jin abin da mutanen birnin ke faɗa. Ya san inda ƙuri'a take kwana.

Malama: Baba ya tsallake mai daɗin. Axelrod ne ya tsara wa Obama tallar takarar sanata a 2004, inda aka rufe da "E, za mu iya". Obama da kansa ya so ya ƙi kalmar, yana ganin ta yi arha, sai da matarsa Michelle ta ce a bar ta. Kalmar ce ta koma taken kamfe na Obama a 2008. Ƙanena, ka nemi tallolin nan a YouTube, ka ƙirga daƙiƙoƙin, ka ga yadda ake cusa labarin mutum cikin rabin minti.

Mai Shago: Ku dai kuna ta yabo, ni kuwa sai na tuna Birtaniya. Jam'iyyar Leba ta ɗauko Axelrod a 2014 don ya taimaki shugabanta Ed Miliband, aka yi zaɓen 2015 suka sha ƙasa a hannun Firaminista David Cameron. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Abin da ya yi aiki a Shikago bai tsallaka teku ba, balle ya zo Kwanar Dawaki.

Tsohon Ɗan Jarida: Ai kuwa ƙamshinsa ya iso nan, Alhaji. Kamfanin AKPD da ya kafa ya yi wa APC aiki a 2014, ko da yake shi ya riga ya bar kamfanin tun da ya shiga fadar White House a 2009. Amma ban yarda Bature ne ya koya wa talakan Arewa cewa "canji" ba. Rediyo da majalisun shayi suka yi wannan aikin.

Malama: In ka gama da Axelrod, ka duba Tim Bell na Ingila, ka ga ɗaya fuskar sana'ar. Yana kamfanin tallace-tallace na Saatchi & Saatchi aka yi fastar nan ta 1978 mai dogon layin marasa aiki, wadda ta yi wa Margaret Thatcher amfani a zaɓen 1979 da ta zama firaministar Birtaniya. Kamfanin da ya kafa daga baya, Bell Pottinger, ya rushe a 2017 saboda aikin da ya yi wa iyalan Gupta, wasu manyan 'yan kasuwa, a Afirka ta Kudu, inda aka zargi kamfanin da rura wutar ƙabilanci.

Mai Shago: Tawa shawarar ba ta buƙatar data. Ka nemi ɗan takarar kansila a mazaɓarku ka yi masa aiki kyauta. Ka rubuta masa sanarwar rediyo, ka san akwati nawa ne a mazaɓar da wanda ake jin maganarsa a kowanne. Amma in ka kai matakin karɓar kuɗi, ka karɓi naka kafin ranar zaɓe. Na buga wa wani fasta shekarun baya, ya faɗi, har yau ba ya ɗaga wayata.

Ɗan Auta: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Alhaji, ashe kana buga fasta? Nawa kake yin ɗari?

Mai Shago: Kawo kuɗin tukuna sai mu yi magana.