Abokina yana ɗaya ɓangaren: yaya kuke hirar siyasa ba tare da an ɓata ba?

Baban Yara: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da aboki tun muna 'yan makaranta, jam'iyyarsa daban, tawa daban. Da can tsokanar juna muke yi mu tashi da dariya, amma tun zaɓen da ya wuce abin ya sauya. Da na buɗe baki sai ya ce an juya mini tunani. Ba na son zumuncinmu ya koma gaisuwar hanya. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, yaya ya yi?

Uwar Biyu: Wa alaikumus salam. Baban Yara, a ina kuke hirar? In a zauren WhatsApp ne, to ka gano bakin zaren. Ni da wata ƙawata mun sha yin kaca-kaca a zauren tsofaffin ɗalibai, har ana ba mu haƙuri. Ran da na kira ta a waya, sai ga shi da bakinta tana kushe rabin abin da gwaninta ya yi. A gaban jama'a ba mai yarda a ga ya ja da baya. Ku keɓe ku biyu tukuna.

Ɗan Tsakiya: Ni dai labarai nake tura wa nawa, ko Allah zai sa ya gane.

Malam Mai Alli: Ɗan Tsakiya, wannan hanyar ba ta cika ɓullewa ba. A 2018 Chris Bail na Jami'ar Duke da abokan aikinsa sun biya wasu Amurkawa kuɗi su bi wani shafin Twitter da ke turo musu maganganun ɗaya ɓangaren har wata guda. Maimakon su sassauta, 'yan jam'iyyar Rifablikan (ta masu ra'ayin riƙau) da ke cikinsu sai suka ƙara riƙe akidarsu.

Abin da ya yi mini aiki shi ne na daina tambayar "me ya sa kake goyon baya", na koma "ta yaya abin zai yi aiki". Wani abokin aikina ya dage cewa a rage haraji kowa zai ji daɗi. Na ce, to bi da ni a hankali: an rage yau, wa zai fara gani a aljihunsa? Giɓin da ya samu a kasafin kuɗi da me za a cike, bashi ko rage ayyuka? Ya kai tsakiya ya tsaya. Sai ya juyo da tambayar kaina game da ƙarin albashin da nake ta kira a yi, ni ma na ɗan yi tuntuɓe. Daga nan muryoyi suka sauka, muka koma lissafi tare. Wani mai bincike, Philip Fernbach, da wasu sun gwada irin haka a 2013: waɗanda aka ce su bayyana dalla-dalla yadda wata manufa ke aiki sun rage zafi, waɗanda aka ce su jero dalilansu kawai kuwa suna nan inda suke. Amma fa a yi tambayar da niyyar ji. In tarko ka ɗana, daga muryarka zai gane.

Hajiya Babba: Malam ya yi gaskiya. Ni kuma kafin in ba ƙanina amsa, sai na maimaita masa maganarsa har ya ce "eh, haka nake nufi". Sau tari a nan nake gano ba abin da na zata yake cewa ba. Ashe rufe wurin aikinsa da aka yi ne ya sa ya juya wa gwamnatin baya, ni kuwa ina ta kawo masa alƙaluma.

Mai Gaskiya: Ku yi haƙuri, ni ban yarda kowace magana ra'ayi ce ba. Saɓani kan haraji ko tallafi daban. Amma wanda na ɗauka aboki ya ce mutanen da na fito cikinsu ba su cancanci a ba su mulki ba har abada. Wannan me zan maimaita masa? Na ja jikina, kuma ban yi nadama ba.

Hajiya Babba: Ɗana, ba wanda zai ga laifinka. Wancan cin mutunci ne, ba siyasa ba. Sai dai mu lura kada mu riƙa jefa kowane saɓani cikin wannan layin don mu huta da sauraro. An ruwaito cewa Imam Shafi'i ya yi muhawara da Yunus as-Sadafi suka rabu ba su daidaita ba, daga baya Imam Shafi'i ya kama hannun Yunus ya tambaye shi ko ba za su zauna 'yan'uwa ba ko da sun saɓa a mas'ala.

Ɗan Tsakiya: To in shi ne ba ya son a saurari juna fa? Nawa da an fara sai ihu.

Uwar Biyu: Sai ku yi yarjejeniya tun ana cikin raha, ba bayan rai ya ɓaci ba. Tamu da ƙawata guda biyu ce: ba a kiran gwanin kowa da sunan banza, kuma duk wadda ta ce "a bari haka" an bari, ba wadda za ta ce ta ci. In ya ƙi ko wannan, ku ajiye siyasa gefe har zaɓe ya wuce, ku ci gaba da sauran hirarku.