Ƙanina sai ƙiba yake tunda ya fara shan olanzapine, a ba mu shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Ƙanina ne ya samu larurar ƙwaƙwalwa, yana jin muryoyi ba ya barci, likita ya ɗora shi kan olanzapine kuma alhamdulillah ya dawo hayyacinsa har ya koma shago. Matsalar yanzu ƙiba ce, yaron da a da kamar sillen kara yau wandunansa sun ƙi shiga, tsakar dare sai ka ji shi a kicin yana kankare tukunya, ya ci tuwo ya ɗora shayi da burodi ya kwanta. Hajiyarmu ta ce ƙibar lafiya ce a ƙyale shi, shi kuma ya ce zai daina maganin don abokai sun fara tsokanarsa. Ya za mu yi?

Maman 'yan biyu: Wa'alaikumussalam. Don girman Allah kar ya daina da kansa, ciwon dawowa yake wallahi. Allah ya ƙara sauƙi.

Wata nas: 'Yar uwa ba kwaɗayi ba ne, aikin maganin ne. Olanzapine da clozapine su suka fi kowanne kawo ƙiba a irin waɗannan magungunan, saboda suna toshe wuraren da sinadaran jiki masu kai saƙo, histamin da serotonin, ke aiki a ɓangaren ƙwaƙwalwa mai sanar da mutum ya ƙoshi, shi ya sa zai ci ya ci bai ji komai ba, ga nauyin jiki da yawan barci. A babban binciken CATIE da aka fitar a Amurka a 2005, kusan kashi 30 cikin 100 na masu shan olanzapine sun ƙara sama da kashi 7 cikin 100 na nauyinsu. Amma ni ba tumbin ne ya fi damuna ba, a yi wa Hajiya bayani a hankali cewa maganin kan hana insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, aiki yadda ya kamata, suga ya hau, kitsen jini ya hau, wani ma kafin ƙibar ta fito. A auna masa suga da safe kafin ya karya, da kolestarol da hawan jini da faɗin ƙugu. In kuka ga yawan fitsari da ƙishirwa kar ku jira ranar ganin likita, ku tafi kawai.

Wani ɗan uwa: Ku nemo masa shayin rage ƙiba mana, ana tallansa sosai.

Wata nas: A'a malam, ba a san me ke ciki ba, yawanci zawo kawai yake sa mutum. Likitansa za a koma wa, zai iya canza masa zuwa wanda bai cika sa ƙiba ba kamar aripiprazole, ko ya haɗa masa da metformin, wani maganin ciwon suga. Kuma canjin ma a hankali ake yi, kowanne da nasa, haloperidol misali bai cika sa ƙiba sosai ba amma yana kawo sandarewar jiki da karkarwa.

Baban Abba: Ni ɗana risperidone yake sha. Lemon kwalba muka fara cirewa daga gidan gaba ɗaya har mu, don ba za ka hana shi kai kana sha a gabansa ba. Da daddare kokwamba da dafaffen ƙwai ake ajiye masa, bayan la'asar kuma mu taka tare zuwa bakin titi.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti nas, gwajin sugan sai a asibitin ƙwaƙwalwa ko kowane lab zai yi?

Wata nas: Kowane lab mai kyau, ki dai riƙe takardar sakamakon ku tafi da ita wajen likitansa.