Zaren roba mai garin katako yana toshe mini inji, ina mafita?

Ɗan Birni:
Salamu alaikum ƴan uwa. Ina da ƙaramin injin 3D, mai narka zaren roba ya gina siffa da shi, a shagona nan Zengo a Damagaram, ina fitar da ƙananan siffofin gidajen Birni da zayyanarsu, baƙi na saye tsaraba. Da farar roba nake yi, amma kullum abin sai ya fito kamar kayan wasan yara. Kwanan nan wani abokina ya taho mini da zare daga Kano, robar PLA ce haɗe da garin katako. Wallahi ranar da na fitar da ƙofar zaure ta farko, shagon duk ƙamshin itace, na bi ta da sanfefa ta koma kamar sassaƙa. Sai dai bakin injin da robar ke fita, mai faɗin milimita 0.4, ya toshe sau uku, siffofi biyu kuma da na manta cikin mota da rana suka lanƙwashe. Zan iya haɗa dusar kafinta da roba in yi zaren da kaina kuwa?

Malamin lantarki:
Wa alaikumus salam ƙanena. Toshewar daga bakin ne, ƙwayoyin katakon sun fi ƙarfinsa. Sa mai 0.6, ka tsaya wajen digiri 200, kada kuma ka bar zaren cikin baki mai zafi injin na tsaye, katakon ƙonewa yake ya zama gawayi. In ka ɗan ƙara zafi launin zai yi duhu, kusan kalar ginin ƙasa. Lanƙwasawa kuwa halin PLA ne, daga sitacin masara ko rake ake yin ta, tana fara laushi tun wajen digiri 60. Motar da aka rufe a ranar Damagaram ta watan Afrilu ai ta isa.

Kafintan Dole:
Yaro, dusa ina da ita buhu-buhu, zo ka ɗiba kyauta. Amma tamu da tsakuwa da ɓarɓashin ƙusa a ciki, ga gautsi. Sai an tankaɗe ta yi laushi kamar garin tuwo, a busar ƙarau, sannan a samu injin da zai narka robar tare da dusar ya ja zare mai kauri daidai milimita 1.75. Wannan ba aikin tukunya ba ne.

Ɗan Birni:
Na gode Baba, na gode Malam. Na aika a sayo bakin. Zaren kuma zan sa shi cikin bokiti mai murfi kafin damina, na ji yana shan laima ya riƙa karyewa.