Waɗanda suka taɓa karɓar cincilar da masu ita suka gaji da ita, ku zo mu ji

Maman Biyu (Manchesta):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Abokiyar aikina ce za ta tashi daga gidan da take haya, mai sabon gidan kuma ya ce ba ya son ganin dabba. Ta kira wuraren karɓar dabbobi, duk suka ce a cike suke, sai dai ta bi layi. Tausayi ya sa na ce ta kawo cincilarta biyu. Ga wanda bai san ta ba, 'yar dabba ce mai toka-toka, jiki kamar na ƙaramin zomo, jela irin ta kurege, ga laushin gashi. Maigida dai ɓeraye yake ce musu.

Abin da ya dame ni: ɗaya ta shige akwatinta ta ƙi fitowa, gashin cinyoyinta duk a gutsittsire. Ɗayar kuma haɓarta kullum a jiƙe, tana ɗaukar abinci ta yar. Abincin da aka haɗo ni da shi cakuɗen hatsi ne mai gyaɗa da zabibi. Wanda ya taɓa riƙe irinsu ya taimaka.

Nas ɗin Dare (Landan):
Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, ki fara da mai jiƙaƙƙiyar haɓar nan, kada ki bari ta kai mako. Tawa da haka ta zo, daga hannun wani ɗalibi da ya gama karatu zai koma gida. Haƙoransu 20 ne, kuma dukansu girma suke yi har mutuwa, ba na gaba kaɗai ba. Idan ba ta samu busasshiyar ciyawar da za ta riƙa niƙawa ba, turamen ciki sai su yi tsini su riƙa yankar harshe da kumatu, shi ne miyau yake dalala. Ba za ki gani da idonki ba. Sai an sa mata maganin barci an duba, an ɗauki hoton ƙashin kai, domin wani lokacin saiwar haƙorin ce take yin sama ta nufi ido. Ki nemi likitan da ya saba da ƙananan dabbobi irin su zomo, ba kowane mai duba kare da kyanwa ne ya san su ba. In kin ga haƙoran gaba ruwan lemo kada ki tsorata, lafiyarsu ke nan. Farare ne abin damuwa.

Anti Mai Keji (Birmingham):
Sannu da ƙoƙari 'yata, Allah Ya ba da lada. Ni riƙo nake yi wa wata ƙaramar ƙungiya, ana kawo mini su zauna kafin a samar musu gida. Labarin kusan iri ɗaya ne kullum. An saya wa yarinya tana firamare, ana zaton abin shekara biyu ne ko uku. Cincila kuwa tana yin shekara 15, wasu har 20. Yarinya ta girma ta tafi jami'a, keji ya koma gareji, uwa ta gaji da shara. Sauran dalilan su ne tashi daga gida, rabuwar aure, haihuwa, ko a gano cewa ba ta son a rungume ta kuma da dare take hidimarta.

Ga yadda nake yi da sabuwar zuwa. Makon farko ba na taɓa ta. Ina zuba abinci, in canja ruwa, in zauna kusa da kejin da magariba ina 'yan maganganuna har ta san muryata. Yara su yi haƙuri, kallo kawai. In aka cafke ta da ƙarfi sakin gashi take yi, ki ga dunƙule a hannunki, ita ta tsere da tabo fari fat. Dabarar kuɓuta ce daga abin da zai cinye ta a daji, kuma gashin yana fitowa. Wanda kika gani a cinyar taki kuwa ya fi kama da cin gashi, ita da kanta ko 'yar uwarta ke gutsura saboda ƙunci. Wasu suna bari in sun samu fili da natsuwa, wasu ya zame musu ɗabi'a. Akwai wadda na riƙe har ta tsufa tana yi, lafiyarta ƙalau, sai dai muni.

Ki sayi sikelin kicin ki riƙa auna su kowane mako kina rubutawa. Babba yakan kai giram 400 zuwa 800. Wannan gashin yana ɓoye rama ƙwarai, kuma su ba sa nuna ciwo sai ya ci ƙarfinsu, to sikeli ne zai fara gaya miki gaskiya. Ki riƙa duba kashinsu ma. In ya ƙanƙance ko ya ɗauke, ko ta yi rabin yini ba ta ci ba, asibiti ne a ranar.

Abinci: busasshiyar ciyawar da ake kira timoti, kada ta yanke a keji dare da rana, daga yau. Sai curarren abincinsu zalla, cokali ɗaya zuwa biyu a rana. Wancan cakuɗen ki janye shi sannu a hankali cikin mako biyu, amma gyaɗar da zabibin ki tsince su yanzu. Cikinsu bai saba da mai da zaƙi ba.

Ɗan Zariya a Jamus:
Hajiya, kin tabbata dukansu mata ne? Na tambaya ne saboda ni ma "mata biyu" aka ba ni a Kolon, da rantsuwa. Wata asuba na tarar da 'ya'ya biyu suna tsalle a ƙasan keji, da gashinsu, idanu a buɗe. Cikinsu yakan kai kwana 111, ga gashi ya rufe komai, ba wanda ya lura. Macen tana da wani ɗan tsiro da mutane ke ɗauka na namiji ne. Tazarar da ke tsakaninsa da dubura ake dubawa: in akwai rata namiji ne, in a manne suke mace ce. Kuma uwa tana iya sake ɗaukar ciki daf da haihuwa, don haka a ranar na fitar da uban. Daga baya aka yi masa fiɗiya. In za ki kai ɗaya asibiti ki tafi da duka biyun a duba miki.

Baban Yara (Bradford):
Ni fa zan faɗi abin da ba a so. Hajiya kina da yara biyu da aiki. Ciwon haƙorin nan ba ya warkewa, sai dai lallaɓawa, a riƙa komawa ana gogewa, kowane zuwa kuma fam ne masu ciwo. Na riƙe wa ƙanena tasa lokacin da ya tafi gida, ta cinye mini katakon gindin bango da wayar caja, dare kuma ba barci. Dokar kula da dabbobi ta 2006 a nan Ingila tana kan duk wanda dabba ke hannunsa, ko da riƙo ne. Ki sa sunansu a layin ƙungiyoyin karɓar dabbobi, RSPCA ko Blue Cross, tun yanzu, in kin ga za ki iya sai ki janye.

Anti Mai Keji (Birmingham):
Malam bai yi ƙarya ba a kan kuɗi, kuma sa suna a layi ba laifi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a gaji a saka su kyauta a Facebook, duk wanda ya zo ya ɗauka. Daga can ake kawo mini waɗanda suka bi hannu huɗu, suna ganin mutum su yi haushi, macen ta miƙe tsaye ta feso fitsari. In za a bayar, a ba da su tare, kada a raba waɗanda suka shaƙu. Batun ɓarna kuwa, ba a sakinsu a ɗaki sai an ɗauke wayoyi kuma ana zaune. A ba su itacen tuffa su gurgura, a cire duk wata roba daga keji.

Ɗalibi (Kano):
Don Allah a ina ake samunsu? Na ga bidiyonsu suna birgima sun burge ni.

Nas ɗin Dare (Landan):
Ƙanena, ka haƙura ka riƙe zomo. Asalinsu duwatsun Andis ne a Kudancin Amurka, wuri mai sanyi da bushewa. Ramin gashi guda a jikinsu yana fitar da sili fiye da 50, kuma ba sa gumi, shi ya sa fanka ba ta yi musu komai. Da zafi ya haura digiri 25 sun shiga haɗari. Ka tuna Kano a watan Afrilu, sannan a ɗauke wuta. A nan ma, ranar 19 ga Yulin 2022 da zafi ya wuce digiri 40 a Ingila, ban je aiki ba. Na sauko da keji ɗakin ƙasa, na rufe labule, na sa mata falalen dutse mai sanyi da gorar ƙanƙara naɗe da tawul a jikin keji, ina kallon kunnuwanta. In suka yi ja tana kwance tana haki, zafi ya kama ta.

Ɗan Zariya a Jamus:
Gashin nan ne ma ya ja musu. Farauta ta kusa ƙarar da su a daji, har yau suna cikin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, kuma akwai gandun da aka keɓe musu kusa da Illapel a ƙasar Chile. A 1923 wani injiniyan ma'adinai, Mathias Chapman, ya kai guda 11 Kalifoniya don kiwon fata, ba don a ajiye su a falo ba.

Maman Biyu (Manchesta):
Allah Ya saka da alheri. Mun dawo daga asibiti. Dukansu mata ne, alhamdu lillahi. Mai dalalar an goge mata turame, likita ya ce saiwar ba ta yi nisa ba, ya ba ni abincin sirinji da maganin rage ciwo. Ɗayar kuma ya ga wani fili mai ɓawo a gefen hancinta, ya ɗauki gashi zai auna ko makero ne. Sun yi datti sosai, in yi musu wanka?

Anti Mai Keji (Birmingham):
Kada ruwa ya taɓa su. Gashin ba ya bushewa da wuri, danshi kuma shi makero ke so. Wankansu na ƙura ne, yadda kaji ke birgima a toka. Akwai ƙurar da ake sayarwa don su, ba yashin gini ba. Ki zuba a kwano mai zurfi ki sa musu minti 10 zuwa 15, sau biyu ko uku a mako, ki cire. Kafin sakamako ya fito kowacce da kwanonta, ki riƙa zubar da ƙurar bayan kowane wanka, ki wanke hannu, yara kuma su yi nesa, don makero yana kama mutum. Sirinjin ki sa ta gefen baki, kaɗan-kaɗan, tana tsaye a kan ƙafafunta, ba a rigingine ba, don kada ta shaƙe. Kuma kada wani ya ba ki ragowar amoxicillin na yara ya ce ki ɗiga mata, yana kashe ƙwayoyin da ke narkar da abinci a hanjinsu. Ki auna ta yau da dare, ki sake aunawa jibi, ki turo mini lambobin.