Neman shawara: nazarin rage gudun zafi a zaren silikon ba tare da ɗakin gwaji ba

Ɗalibi, Yamai:
Assalamu alaikum malamaina da ƴan uwa. Ina shekarar ƙarshe ta digiri na biyu a fannin fizik, kuma malamin da ke duba aikina ya ba ni batun yadda ake sarrafa gudun zafi a cikin silikon da aka sassaƙa shi ya koma ma'aunin nanomita (kashi ɗaya cikin biliyan na mita). Abin da na fahimta shi ne, dunƙulen silikon yana isar da zafi kimanin wat 150 a kowace mita a kowane digiri, amma idan aka mayar da shi zare siriri sai adadin ya faɗi warwas. Ba ni da na'urar awo, kwamfutar hannu guda ce gare ni, sauran wata shida in miƙa kundi. Ina so in danganta aikin da faifan sola, ganin yadda zafin watan Afrilu ke rage musu ƙarfi. Ta ina zan kama?

Malamin fizik, Tawa:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, fara cire maganar sola, domin ka haɗa abubuwa biyu masu hannun riga. Faifan silikon yana rasa kusan kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa a duk digiri ɗaya da ya ƙaru, saboda haka so ake zafi ya fita daga cikinsa da sauri, alhali batunka hana zafi wucewa ne. Inda hakan ke da amfani shi ne na'urorin da ke mayar da bambancin zafi ya zama lantarki, waɗanda ke buƙatar abin da lantarki zai ratsa cikin sauƙi amma zafi ya sha wuya.

A silikon, girgizar ƙwayoyin zarra da ake kira fonon ce ke ɗaukar kusan dukkan zafin. Fonon da yawa suna tafiyar ɗaruruwan nanomita, wasu fiye da mikuron guda (nanomita dubu), kafin su yi karo da wani abu, yayin da elektron, mai ɗaukar lantarki, a silikon da aka cika da sinadarin ƙara lantarki ba ya wuce ƴan nanomita. Idan faɗin zaren ya faɗo tsakanin waɗannan tazarori biyu, sai bango ya riƙa tare fonon, elektron kuwa bai san ana yi ba. A 2008 ayarin wani mai bincike, Hochbaum, a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakale ta Amurka sun ba da rahoton cewa zare mai kaushin bango, faɗin nanomita 50 ko kusa da haka, ya sauko zuwa wat 1.6. Kaushin nan shi ne abin da ya ba mutane mamaki, domin lissafin da masanin fizik Casimir ya yi a 1938 kan yadda bango ke tare fonon bai kai ga bayyana faɗuwa irin wannan ba.

Injiniya, unguwar Yantala:
Ina goyon bayan Malam. Wasu za su ce ka sauke LAMMPS, manhajar kwaikwayon motsin zarra, tunda kyauta ce, amma ni ban ba ka wannan shawara ba. Kwaikwayon motsin zarra yana cin kwanaki, ga ɗauke wuta, kuma akwatin da kwamfutarka za ta iya ɗauka ya yi wa fonon masu dogon zango kaɗan, sai sakamakon ya fito ƙasa da gaskiya. Rubuta tsarin lissafin gudun zafi na Callaway na 1959, da gyaran da Holland ya yi masa a 1963, cikin harshen kwamfuta na Python. Ka fara tabbatar da ya ba ka wat 150 ɗin nan, sannan ka ƙara karon da fonon ke yi da bango bisa ƙa'idar Matthiessen ta tara nau'o'in karo wuri guda, ka gwada da awon da Li da abokan aikinsa suka yi a 2003 kan zaruruwa masu faɗin nanomita 22, 37, 56 da 115. Kada ka ba dukkan fonon tazara guda; nan ne ɗalibai suka fi zamewa.

Ɗalibi, Yamai:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To, fallen silikon mai jerin ramuka fa, wanda ake cewa yana sarrafa zafi kamar igiyar ruwa? Shi ne ya fi burge ni.

Malamin fizik, Tawa:
Yana da burgewa, amma ka yi hattara. A gwajin da aka yi a Jami'ar Tokiyo, bambanci tsakanin ramuka masu tsari da na barkatai ya bayyana ne a sanyin da ya kusa digiri 4 na Kelbin (kusan digiri 269 ƙasa da daskarewar ruwa), yana kuma dusashewa da zarar an ɗan ɗumama. A zafin ɗaki tsawon igiyar fonon nanomita ɗaya ne zuwa biyu, tazarar da ke tsakanin ramukan kuwa ta fi nanomita ɗari, don haka abin da ya fi tasiri shi ne ƙuncin mashigar da ke tsakanin rami da rami. Ka ba shi shafi biyu a babin bitar ayyukan magabata. Idan lissafinka ya dace da manyan zaruruwan uku ya kauce wa na nanomita 22, kada ka murɗa lambobi don su daidaita. Kawo mana zanen sakamakonka mu duba tare kafin ka kai wa malaminka.