"Da tsohuwar zuma ake magani": ta dace da Peter Drucker kuwa?

Malamin Kasuwanci:
Assalamu alaikum jama'a. A watan Nuwamban 2005 Peter Drucker, masanin harkar tafiyar da kamfanoni, ya rasu a Kalifoniya yana da shekara 95, amma har gobe ba a koyar da tafiyar da kamfani ba tare da an ambace shi ba. Tun 1954 ya rubuta cewa manufar kowace sana'a ita ce samar da mai saye. Duk na tuna shi sai wannan karin magana ta faɗo mini. Kuna ganin ta dace?

Hajiya Mai Atamfa:
Wa alaikumus salam. Malam, ni ban yarda ba. Ai ba wanda ya kai mutumin nan yaƙi da riƙon tsohon abu. Da Jack Welch ya hau shugabancin kamfanin General Electric na Amurka a 1981, Drucker ya tambaye shi: da a ce yau ba ka cikin wannan harkar, za ka shige ta? In ba za ka shiga ba, me za ka yi a kai? Daga nan Welch ya kafa dokar duk sashen da bai zama na ɗaya ko na biyu a kasuwarsa ba, a gyara shi, a sayar ko a rufe. Wannan ai "in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza" ce.

Ɗan Layin Waya:
Gaskiyarki Hajiya. Yayana har yau yana sarin katin waya na kankarewa, yana jera su a gwangwanin madara ƙarƙashin kanta, alhali yawancin masu zuwa shagon ta banki suke sa kuɗi a wayarsu. Ka yi magana ya ce da tsohuwar zuma ake magani.

Baba Dattijo:
Ɗana, yayanka ya ɗora maganar inda ba wurinta ba. Ana faɗinta ne in matsala ta gagari yara, aka koma wurin wanda ya daɗe yana ganin irinta. Ba lasisin ajiye kayan da suka daina tafiya ba ne. Tambayar da aka yi wa Welch ta haura shekara 40, kuma ita ce maganin gwangwanin nan. Don haka Malam bai yi kuskure ba.

Hajiya Mai Atamfa:
Baba, na ji, amma fa maganin nan yana da ɗaci. Ma'aikata fiye da 100,000 suka bar General Electric a shekarun farko na Welch.

Malamin Kasuwanci:
Haka ne. Sai dai Druckern nan shi ne ya dage kada albashin shugaban kamfani ya wuce ninki 20 na matsakaicin ma'aikaci, yana ganin abin kunya ne shugaba ya kwashi lada bayan ya kori mutane. Manyan Amurka sun karɓi shawarar rufe sashe hannu bibbiyu, ta albashin kuwa suka yi kunnen uwar shegu da ita.

Hajiya Mai Atamfa:
To Malam, a ajinku wacce ake fi koyarwa a cikin biyun?