Fari ne yake ƙarar da malam-buɗe-littafin monak, ko maganin ciyawa?

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum. Kowace kaka, malam-buɗe-littafin da ake kira monak yakan taso daga kudancin Kanada da arewacin Amurka, ya yi tafiyar da takan kai kilomita 4,000 zuwa dazuzzukan tsaunukan Michowakan a Meziko. A hanya yake tsotsar zaƙin furanni yana tara kitsen da zai riƙe shi har ƙarshen hunturu, kuma galibinsu ta jihar Teksas suke ratsawa a watan Oktoba. A ganina fari, wato rashin ruwan sama, a wannan mashiga shi ne babbar musibarsu. Teksas ta sha mummunan fari a 2011, kuma a hunturun 2013 zuwa 2014 filin dajin da suka mamaye a Meziko, wanda da shi ake auna yawansu, bai wuce hekta 0.67 ba, alhali a hunturun 1996 zuwa 1997 ya haura hekta 18.

Malamar ilimin halittu: Wa alaikumus salam, Malam. Alƙalumanka daidai ne, amma raguwar ta soma tun kafin wannan farin. Tsutsar monak ba ta cin komai sai ganyen wata ciyawa mai farin ƙaro, 'yar uwar tumfafiyarmu, wadda a da take cike gonakin masara da waken soya na tsakiyar Amurka. Da manoma suka koma shuka irin da ke jure feshin maganin ciyawa da ake kira gilifoset, sai ciyawar ta kusan ɓacewa daga gonakin, uwa ta rasa inda za ta ajiye ƙwai. Wanda ba a ƙyanƙyashe shi ba, ina ruwansa da furannin Teksas?

Ɗalibi: Malama, a ba ni dama in ƙara wani abu da ya ba ni mamaki. Marigayi Lincoln Brower, masani kan monak, da abokan aikinsa sun auna kitsen waɗanda suka ratsa Teksas a farin 2011, suka same su a rame, amma waɗanda suka isa Meziko a wannan shekarar sun isa da kitsensu, abin da ke nuna sun sami furanni a gaba, a arewacin Meziko, suka mayar da jiki.

Mai buɗe zance: Na karɓi wannan, ɗan'uwa, sai dai ya nuna cewa ragowar hanyar ce ta cece su, kuma ranar da fari ya haɗa Teksas da arewacin Meziko babu wurin mayar da jiki. Sannan, Malama, fari yana taɓa ita kanta ciyawar da kike magana a kai, domin a Maris da Afrilu, idan sun juyo arewa, a Teksas suke fara zuba ƙwai. A hunturun 2023 zuwa 2024 filin ya sake faɗuwa zuwa hekta 0.9, masu ƙidayar kuma sun ambaci zafi da fari.

Malamar ilimin halittu: A nan mun kusa haɗuwa, Malam. Fari yana bayyana dalilin da wata shekara take fin wata muni, shi ya sa a hunturun da ya biyo baya filin ya farfaɗo zuwa hekta 1.79. Abin da ke damuna shi ne ko a shekarar da aka sami ruwa ba sa kusantar yawansu na 1996, kuma damina mai kyau ba za ta dawo da ciyawar da ake fesawa kowace shekara ba.